"Ai namu ƙaramin furojet ne, wa zai duba?"

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a nemi wuri a zauna, musamman 'yan ajin ƙarshe da 'yan uwana masu mastas da ke ta fama da babi na huɗu a cikin sanyin nan na Jos.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu mu ɗalibai da zarar lokacin furojet ya kama. Za ka ji mutum ya ce: "Malam, ai namu ƙaramin aiki ne. Takardar tambayoyi 150 ce fa kawai. In na raba 40 na cike sauran a ɗaki, wa zai duba? Wa ma zai karanta?" Idan kuma ka juya hirar zuwa manyan bincike, irin na kamfanoni da jami'o'in Turai da Amurka, sai a ce maka: "Su ai ba sa wasa. Ga kuɗi, ga na'urori, ga farfesoshi birjik, ta ina ƙarya za ta shiga?" Wato a ganinmu ƙaramin bincike bai kai a damu da gaskiyarsa ba, babba kuma ya fi ƙarfin a yi masa ha'inci.

Ni dai abin da karatun nan ya nuna mini shi ne duka maganganun biyu ba su da tushe. Ha'inci yana shiga ƙaramin aiki, yana shiga babba. Girman aikin dai yana sauya abu biyu: inda ƙaryar take ɓuya, da yawan mutanen da za su kwashi kashinta a hannu. Ba sai mun je nesa neman misali ba, muna da namu a Kano.

A farkon shekarar 1996, lokacin da yawancinmu ba a ma haife mu ba, annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya. Sama da mutum 100,000 suka kamu, kusan 12,000 suka rasu. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari suka fi sani da IDH, ya cika ya batse, likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ta aiki ba dare ba rana. Ana cikin haka ne tawagar kamfanin magunguna na Pfizer ta sauka daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin hukumar magunguna ta Amurka ba ta riga ta ba shi lasisi ba. Suka zaɓi yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su sanannen maganin da aka saba amfani da shi, amma aka rage adadin da ake yi wa da yawa daga cikinsu. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Bayan kamar mako biyu tawagar ta tattara kayanta ta koma, annoba kuwa tana nan tana ci.

Adalci ya sa a faɗi abin da kamfanin ya ce. Pfizer ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa wasu, ba maganinsa ba, kuma ma'aikatan jinya 'yan gari sun yi wa iyaye bayani da baki sun amince. Iyaye da dama kuwa suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kuma ba a sanar da su cewa a cikin asibitin nan ana ba da maganin da aka saba kyauta ba. Maganar ta fito fili ne a ƙarshen 2000, da jaridar Washington Post ta bankaɗo ta. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya kammala a 2001 ya ce gwajin ya saɓa doka, amma rahoton ya yi kwanciyarsa a ofis sai a 2006 ya ɓulla. A 2007 gwamnatin Kano ta kai ƙara, a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin, iyalai 4 na farko suka karɓi diyya. Shi kansa Trovan, a 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka aka dakatar da shi a Turai, saboda illar da yake yi wa hanta.

Duk cikin wannan labari, akwai takarda guda ɗaya da nake so mu tsaya a kanta, don ita ce ta shafe mu kai tsaye. Ƙa'ida ce cewa kafin a yi gwaji a kan ɗan Adam, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin ya ba da izini a rubuce. Kamfanin ya gabatar wa hukumomin Amurka wata wasiƙar izini mai kan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996. Daga baya shugaban asibitin ya ce a wancan lokacin ba su ma kafa irin wannan kwamiti ba. Likitan da ya jagoranci gwajin a ɓangaren Najeriya kuma ya amsa cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar da kwanan watanta baya.

To, 'yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Su nawa muka sani da suka gama tattara bayanansu kaf, har sun fara babi na biyar, sannan suka tuna da takardar izinin kwamitin ɗa'a, suka shiga neman wanda zai taimaka a sa mata kwanan watan bara? Mu a wurinmu "cike ƙa'ida" ne kawai, takarda ce da za a maƙala a ƙarshen kundi. Amma aikin iri ɗaya ne sak da abin da aka yi a Kano. A can dai rayukan yara 200 ne a ƙarƙashin takardar, a nan kuma muna ganin maki ne kawai. Hannun da ya saba sauya kwanan wata a kan maki, ranar da aka ɗora shi a kan babban aiki ba zai yi rawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a kan waɗancan yara ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shafe kusan shekara guda sai a watan Yulin 2004 aka dawo da shi. Dalilan da suka jawo haka suna da yawa, akwai siyasa, akwai raɗe-raɗin cewa ana son hana haihuwa. Amma duk wanda ya bi maganar ya san abin da ya faru a 1996 yana cikin manyan hujjojin da mutane suke kafawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sakamakon haka, yaran da shan inna ta kama a Najeriya suka tashi daga 200 da 'yan kai a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, cutar ta sake tsallakawa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Gwajin mako biyu, amma ramin rashin yardar da ya taimaka wajen haƙawa an kwashe shekaru ana cikewa.

Ni a fannin lafiyar al'umma nake mastas, aikina ya shafi iyaye da rigakafin yara. Watannin baya ina zaune a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a cikin gari ina tattaunawa da matan da suka kawo yara, sai na matsa kusa da wata dattijuwa da ta kawo jikarta. Na gaishe ta, na fara bayani. Ta dube ni ta dubi takardun hannuna ta ce: "Ɗan nan, kafin ka ci gaba, gaya mini tsakani da Allah, ba irin na Kano ba ne ko?" Na ce: "Iya, wallahi tambayoyi ne kawai, babu allura babu magani, kuma in ba ki so ba dole, ba zai hana a duba yarinyar ba." Ta yi shiru, can ta ce: "To tambayi." Matar nan ba ta san sunan maganin ba, ba ta san shekarar ba, a rediyo da bakin mutane ta ji. Amma kusan shekara 30 bayan abin, a wani gari daban, ɗalibin da ko kuɗin fotokwafi da ƙyar yake haɗawa shi ne ke biyan bashin da wasu suka ci. Yardar jama'a rijiya ɗaya ce da dukkan masu bincike ke sha, babba da ƙarami. Wanda ya zuba ƙazanta a ciki ya ɓata wa kowa.

Mu da muke zaune a Jos muna da misali a gaban idonmu. In ka bi ta Bukuru ko Rayfield ko hanyar Barikin Ladi, za ka ga manyan tafkunan da kamfanonin haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Kowa yana ganinsu, kowa ya san haɗarinsu. Amma akwai kuma ƙananan ramukan da masu diga da shebur suke haƙawa su bari, ciyawa ta rufe bakinsu. Babu ɗaya da ya kai tafki girma, sai dai suna da yawa, ba su da alama, kuma su ma suna cin mutane da dabbobi. Haka ha'incin bincike yake. Na manya yana barin tafki, duniya ta gani a yi ta shari'a. Namu na ƙanana yana barin ramuka dubbai da babu wanda ya san inda suke sai ƙafarsa ta zurma.

Ga misalai biyu daga waje da suka nuna yawan lamba ba ya tabbatar da komai. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a mujallar Lancet yana danganta rigakafin ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara da ake kira otizim. Yara nawa ya bincika? 12 kacal. Ko furojet ɗin ɗan aji huɗu ya fi haka yawa. Daga baya aka gano an murɗe bayanan yaran, mujallar ta janye takardar a 2010, aka ƙwace masa lasisin aiki. Amma kafin nan iyaye da yawa sun guji rigakafi, ƙyanda ta dawo wuraren da aka manta da ita. Ƙaramin aiki, babbar ɓarna.

Na biyun kuma a 2020 ne, lokacin korona. Mujallar nan dai ta Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan majinyata sama da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi 6, a kan maganin nan dangin kulorokwin. Girman lambar ya razana kowa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani ɓangare na gwajinta na ɗan lokaci. Sai wasu masu bincike suka fara lissafi, suka ga adadin mamatan da aka ce daga Ostireliya ne ya zarce wanda gwamnatin ƙasar kanta ta sanar. Aka nemi kamfanin da ya kawo bayanan, mai suna Surgisphere, ya buɗe su a duba, ya ƙi. Cikin mako biyu aka janye takardar, sauran marubutan suka ce ba za su iya tsayawa a kan sahihancin bayanan ba. Sunayensu na kan aikin, amma ba su tantance tushensa ba.

In ka haɗa waɗannan, za ka ga yadda ƙarya ke samun maɓoya a kowane mataki. A ƙaramin bincike tana ɓuya ne don babu mai dubawa. Mutum ɗaya ne ya tsara, ya raba, ya tattara, ya lissafa. Sufabaiza yana da ɗalibai 20 ko 30 ga lakca ga makin jarrabawa, in ya gyara maka Turanci da tsarin shafi ma ka gode. Mai jarrabawa daga waje yana da kundaye jibge a gabansa da kwana biyu. Da wuya wani ya ce kawo takardun da mutane suka cike da hannunsu in gani. A babban bincike kuma tana ɓuya ne don masu dubawa sun yi yawa, kowa yana zaton wani ya duba. Mai tattara bayanai ya ce ai akwai mai lissafi, mai lissafi ya ce ai shugaban aiki ya tantance, shugaban aiki ya ce ai kwamiti ya amince, mujalla ta ce ai manyan farfesoshi ne suka sa hannu. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma sai in kowane hannu ya shiga kwanon da gaske. Ƙari a kan haka, in aiki ya girma kuɗin da ke kansa ya girma, faɗin "bai yi ba" sai ya yi tsada. Wanda ya zuba miliyoyin daloli yana jiran lasisi ba ya son jin a dakata.

Yanzu mu dawo kan tambayar nan ta "wa zai karanta?" A 1962 jami'o'i 5 ne a Najeriya. Yau sun haura 250, ban da kwalejojin kimiyya da na ilimi da na kiwon lafiya. Kowace shekara dubban ɗaruruwan kundaye ake rubutawa. Wani kaso daga ciki, musamman na mastas da digiri na uku, ana mayar da su maƙala a buga a mujalla, saboda ɗalibi na buƙatar hakan ya kammala, malami kuma na buƙata don ƙarin girma. Da zarar ta hau intanet ta zama hujja. Gobe wani zai zo ya ce bari in tattara duk binciken da aka taɓa yi a kan, misali, yawan ciwon hanta a tsakanin mata masu juna biyu a arewa. Ya samo maƙala 40 ya haɗa alƙalumansu ya fitar da lamba ɗaya. Wannan lambar ce ma'aikata ko ƙungiyar agaji za ta duba ta yanke inda za a kai allura da inda za a bari. In 10 daga cikin 40 ɗin nan a ɗakin kwanan ɗalibai aka cike su da biro kala uku don kada a gane hannu ɗaya ne, to babban binciken ya ruɓe daga ciki, kuma wanda ya haɗa shi ba shi da hanyar sani. Da yayyafi kogi kan cika. Babban bincike sau da yawa tarin ƙanana ne, irin namu.

Abin kuma ya zama sana'a. Na taɓa shiga wani shagon buga takardu in yi firintin, mai shagon ya leƙa aikina ya ce: "Oga, me ya kai ka wahalar yawo unguwa-unguwa? Kawo taken aikin da adadin mutanen da kake so, jibi ka zo ka karɓi babi na huɗu, har da jadawali." Sannan ya ƙara da tambayar da har yau take ba ni mamaki: "Kana so sakamakon ya nuna akwai alaƙa, ko babu?" Kamar mai shayi yana tambaya a sa madara ko a bari. Na ce masa na gode, na biya kuɗin firintin na fito. Yadda maganar ta fito masa a sauƙaƙe ya nuna ba ni ne na farko da ya yi wa tayin ba. Yanzu ga manhajojin da ke iya ƙirƙiro maka amsoshin mutum 300 cikin minti ɗaya, ko biro kala uku ba a buƙata.

Kada wani ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A 2009 wani masani mai suna Daniele Fanelli ya tattara binciken da aka yi a kan masana kimiyya kansu, ya samu kusan 2 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa ƙirƙira ko murɗe sakamako. Da aka tambaye su game da abokan aikinsu kuwa, kusan 14 cikin 100 suka ce sun san wanda ya yi. A nan gida, Okonta da Rossouw sun wallafa wani nazari a 2013 a kan masu bincike 133 'yan Najeriya, kusan 69 cikin 100 suka amsa sun taɓa aikata aƙalla ɗaya daga cikin nau'o'in saɓa ƙa'idar da aka lissafa musu, manya da ƙanana. A duniya baki ɗaya kuma, a shekarar 2023 kaɗai an janye maƙaloli sama da 10,000, adadin da ba a taɓa gani ba, galibinsu daga masana'antun da ke ƙera takardun bogi su sayar. Yawan bugawa ya ƙaru, masu tantancewa ba su ƙaru daidai da shi ba.

Na san wani zai ce: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne, kuma ba zan tsallake ta ba. Ɗalibi ne ke biyan kuɗin bincikensa daga aljihunsa ko na iyayensa. Sinadarin da kake buƙata da dala ake sayensa. Ka ajiye samfur a firiza, a ɗauke wuta kwana uku, ka dawo ka tarar aikin wata biyu ya lalace. Yajin aikin 2022 kaɗai wata 8 ya cinye, mutum ya ga sa'o'insa sun yi aure sun kama aiki shi yana nan. Sannan ga al'adar nan ta cewa in sakamakonka bai nuna "akwai alaƙa" ba kamar ka faɗi ne. Malamai su ma ƙidaya maƙalolinsu ake yi, ba kasafai ake auna nauyinsu ba, shi ya sa mujallun biya-a-buga-maka suke cin kasuwa. Duk wannan yana bayyana dalilin da ya sa ake yi. Amma matar da za a hana wa allura saboda lambar bogi ba ruwanta da firizarmu. Uzurinmu ba ya warkar da ita.

Kuma kada a fahimce ni a kan cewa babban bincike shi ne sharri. Sanƙarau ɗin nan da ya yi mana ɓarna a 1996, babban bincike ne ya karya lagonsa. An shafe shekaru ana gwajin rigakafin MenAfriVac a ƙasashen Afirka ta Yamma da Indiya, da izinin kwamitoci da amincewar iyaye, aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a watan Disambar 2010, ya iso Najeriya a 2011. Irin ƙwayar da ta haddasa waccan annoba yanzu ta kusa ɓacewa a yankinmu. Nan kusa da mu a Vom, tun 1924 ake aikin binciken cututtukan dabbobi, kuma annobar shanun da aka kafa wurin dominta, wadda ta taɓa ƙarar da garkunan Fulani, a 2011 aka ayyana duniya ta rabu da ita. Waɗannan ayyuka sun yi nasara ne don dubban ƙananan ma'aikata da ba wanda ya san sunansu sun rubuta abin da suka gani. In sun samu 7 sun rubuta 7.

To mu ina namu? Ba ni da ikon gyara tsarin ƙarin girma ko kawo wuta, amma akwai abin da ke hannun kowane ɗayanmu.

In ƙarfinka mutum 80 ne, je wurin sufabaiza tun farko ka ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da zan iya." A rage faɗin aikin, a rubuta 80, a bayyana dalili a cikin kundi. Mutum 80 na gaske sun fi 400 na ƙarya, kuma ranar difens za ka tsaya da ƙafarka, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ka taka filin aiki, ko da zai ci maka wata guda. Yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, Hausa ne ko Birom ko Fulatanci, ka gaya musu suna da damar cewa a'a. Ajiye takardunka na asali da littafin da kake rubuta kwanan wata da wurin da ka je, ka ɗauki hotonsu ka adana. In lissafi ya nuna babu alaƙa, rubuta babu alaƙa, shi ma sakamako ne, zai hana wani ɓata kuɗinsa a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Kada ka yarda a sa sunanka a maƙalar da ba ka san yadda aka samo bayananta ba, kada kuma ka sa na abokinka don zumunci.

In kuma aka miƙo maka bayanai a shirye aka ce ka yi lissafi kawai, tambayi inda suka fito, cikin ladabi. A ƙasar Holan akwai wani shahararren farfesa, Diederik Stapel, da ya shafe shekaru yana ƙirƙirar bayanai yana miƙa wa ɗalibansa a matsayin taimako. Da asiri ya tonu a 2011 an janye maƙalolinsa 58, kundayen ɗaliban da ba su ji ba su gani ba suka shiga zargi. Waɗanda suka tona shi kuwa ƙananan masu bincike 3 ne da suka lura alƙaluman sun cika kyau. Mu nan mun gaji wannan tambaya tun daga zaure, inda malamai ba sa karɓar ruwaya sai sun ji daga wa aka ji, shi kuma daga wa ya ji. Bai kamata a ce mun shigo jami'a mun ajiye ta a bakin ƙofa ba.

Shekara 15 ko 20 nan gaba, cikinmu ne za a samu shugabannin asibitoci, kwamishinoni, mambobin kwamitin ɗa'a. Wata rana wani zai shigo ofishin ɗayanmu da jakar kuɗi da gaggawa, ya ce a sa masa hannu a takarda, kwanan watan ba matsala ba ne. Amsar da za mu ba shi ranar, yanzu muke koyonta, a kan takardar tambayoyi 150 da muke ganin babu mai dubawa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu kammala lafiya. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa a ajin ƙarshe ya tura masa.